Ƙauyen Tatar Arba'in da Tambayar Harshe a Addini

A kudu maso yammacin Vilnius, babban birnin ƙasar Lituweniya, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba, akwai wani ƙaramin ƙauye kusa da kogin Vokė mai suna Keturiasdešimt Totorių. Ma'anar sunan ita ce Tatar Arba'in. Masu jin harshen Rasha da na Polan kan ce masa Sorok Tatary, kuma ma'anar ɗaya ce. Mazaunansa 'yan ɗaruruwa ne, gidajensu na katako da lambunan dankali da kabeji ba su bambanta da na sauran ƙauyukan yankin ba. Abin da ya ware shi daban shi ne masallacin da ke tsakiyarsa, wanda aka gina a 1815, kuma babu masallacin da ya girme shi cikin waɗanda suka rage a tsaye a ƙasar.

Baƙon da ya saba da masallatan Kano ko na Misira zai iya wuce shi bai gane ba. Gini ne na katako mai kusurwa huɗu, rufinsa ya gangaro ta kowane gefe don kada dusar ƙanƙara ta taru a kai, kuma ba shi da hasumiyar da ladan zai hau. Wani ɗan tsororo ne kawai a ƙololuwar rufin, da jinjirin wata a samansa. Daga nesa ya fi kama da ƙananan majami'un katako na ƙauyukan da ke kewaye. Ciki an raba shi biyu, ɗakin maza da ɗakin mata. A bayansa akwai kaburbura a ƙarƙashin itatuwa. Masallacin da ya gabace shi a wurin ya ƙone ne a lokacin yaƙin Napoleon na 1812, kuma ana danganta ambaton masallaci a wannan ƙauye na farko da shekarar 1558.

Game da sunan ƙauyen, mutanen wurin suna da tatsuniya. Sun ce wani jarumi ne daga cikin Tatarawa yake da mata huɗu, kowacce ta haifa masa 'ya'ya maza goma, su arba'in ɗin suka kafa garin. Wata ruwayar ta ce mayaƙa arba'in ne sarki ya ba filin. Ko wacce aka ɗauka, asalin zuwan waɗannan mutane sananne ne a tarihi. Sun fito ne daga daular zuriyar Jengis Khan da ta mallaki filayen kogin Volga da arewacin Baƙin Teku, wadda Turawa ke kira Rundunar Zinariya, kuma wadda Musulunci ya kafu a cikinta zamanin Uzbek Khan (1313 zuwa 1341). Da Timur, sarki mayaƙi daga tsakiyar Asiya, ya karya sarkinta Tokhtamysh a 1395, sai Tokhtamysh ya gudu ya nemi mafaka wurin Vytautas, babban sarkin Lituweniya, wanda ya yi mulki daga 1392 zuwa 1430. Vytautas da kansa ya kai hari filayen kudu a 1397, ya komo da Tatarawa masu yawa, wasu kamammu, wasu masu neman wurin zama. Ya zaunar da su kewaye da Vilnius da Trakai, ya ba su gonaki bisa sharaɗin su fito da doki da makami duk ranar da aka buga tambarin yaƙi. A ranar 15 ga Yuli 1410, a fagen Grunwald, dakarun Tatar ƙarƙashin Jalaluddin ɗan Tokhtamysh suna cikin rundunar da ta karya mayaƙan Jamusawa 'yan Salibi.

Lokacin zuwan nasu yana da muhimmanci. Lituweniya ce ƙasa ta ƙarshe a Turai da ta bar addinin gargajiya. Sai a 1387 sarakunanta suka karɓi Kiristanci, yankin Samogitiya kuwa sai daga 1413. Wato Musulmi sun iso ne shekara goma kacal bayan baftismar Vilnius, ga sarkin da ya saba mulkin mutane masu addinai daban-daban. Vytautas bai tilasta musu barin addininsu ba, su kuma ba su manta masa wannan ba. Masallacin bulo da aka gina a Kaunas don cikar shekara 500 da rasuwarsa, a 1930, sunansa yake ɗauke da shi har yau.

Abin da ya faru cikin ƙarni biyu na gaba shi ne ya mayar da tarihin wannan ƙauye tambayar addini. Harshen Tatarawan ya mutu. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: yawancin waɗanda suka zo maza ne, suka auri matan yankin, yaro kuwa harshen da aka yi masa rarrashi da shi a goye shi yake tashi da shi. Sun fito daga ƙabilu dabam-dabam masu kare-karen harshe dabam-dabam, an warwatsa su ƙauye-ƙauye, kuma aikin soja da na jima da na jan keken kaya duk da harshen maƙwabta ake yin su. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kafin ƙarni na 17 ya yi nisa, jikokin mahayan Volga harshen Belarus da na Polan suke yi a gida da kasuwa. Sunayen danginsu ma suka ɗauki ƙarshe irin na maƙwabta, aka samu Alijewicz da Jakubowski da makamantansu. Auren mace fiye da ɗaya ya ɓace daga al'adarsu, duk da tatsuniyar mata huɗu da ƙauyen ke alfahari da ita. Akwai wata wasiƙa da harshen Turkanci, Risale-i Tatar-i Leh, da aka ce wani mahajjaci daga cikinsu ya rubuta wa Rustam Pasha, wazirin Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya, a 1558, kuma cikin koke-kokenta har da ɓacewar harshe da ƙarancin malamai. Antoni Muchliński ne ya buga ta a 1858, kuma wasu masana na zamani suna da ja a kan ingancinta, amma abin da ta bayyana ya dace da abin da sauran takardu suka nuna.

A ƙa'idar da aka saba gani, jama'a ƙarama da ta rasa harshenta, ta auri maƙwabtanta, ta zauna nesa da kowace cibiyar ilimin addininta, narkewa take yi cikin zuriya uku ko huɗu. Waɗannan sun shekara fiye da 600 ba su narke ba. Me ya riƙe su?

Amsa ta farko tana cikin littattafansu. Da suka ga 'ya'yansu ba sa jin Tatarci, Larabci kuma sai karatu ba fahimta, sai malamansu suka ɗauki haruffan Larabci suka rubuta harshen Belarus da na Polan da su. Sautukan da babu su a Larabci, irin su dz da ts masu laushi, suka ƙirƙira musu haruffa ta hanyar ƙara ɗigo a kan waɗanda ake da su. Mai karatun Hausa ba ya bukatar a yi masa dogon bayanin wannan dabara, domin ita ce ajami, kuma ita ce hanyar da Shehu Usmanu da Nana Asma'u da almajiransu suka bi wajen isar da karatu ga masu jin Fulatanci da Hausa. Babu wanda ya koya wa wani tsakanin Sakkwato da Vilnius. Bukata ɗaya ce ta haifi magani ɗaya.

Rubuce-rubucen nan iri-iri ne, kuma kowane iri da sunansa na Larabci da bakin Slab, wato masu harshen Belarus da na Polan, ya lanƙwasa. Kitab shi ne babban kundi mai ɗauke da hukunce-hukuncen ibada, ƙissoshin annabawa, labarin Mi'iraji, wa'azi a kan mutuwa da hisabi. Tefsir shi ne Alƙur'ani cikakke da Larabci, an rubuta fassara a karkace ƙarƙashin kowane layi. Ɗaya daga cikin tsofaffin da suka rage yana birnin Minsk, mai kwanan shekarar 1686. Chamail ɗan ƙaramin littafin addu'o'i ne da ake sa wa a aljihu, Larabci da Turkanci a ciki, bayanin yadda za a yi amfani da su kuma da harshen gida. Akwai hramotka, wato laya, da dalawar, doguwar takarda mai addu'o'i da ake naɗewa a sa wa mamaci a kabari. Duk da hannu ake kwafe su, uba ya bar wa ɗa, kuma a shafukan ƙarshe ake rubuta ranar haihuwa da ta mutuwar 'yan gida.

Ƙauyen Tatar Arba'in yana da gurbi na musamman a tarihin waɗannan kundaye. A nan ne a 1915 Ivan Lutskevich, masanin kayan tarihi ɗan Belarus, ya ga wani kitab a hannun limamin ƙauyen. Harshen kakanninsa ne a ciki, an rubuta shi da haruffan Larabci. Kundin, wanda masana ke cewa na rabin farko ne na ƙarni na 18, yana ɗakin karatu na Wroblewski a Vilnius, kuma an buga shi da sharhi a 2009. Masu nazarin harshe suna daraja irin waɗannan littattafai domin marubutansu yadda kunne ya ji suka rubuta, ba su bi ƙa'idar rubutun majami'a ba, don haka sun adana lafazin talakawan Belarus na wancan zamani fiye da takardun hukuma. Musulmin da suka rasa harshensu sai ga su sun zama ma'ajin harshen maƙwabtansu Kirista.

Abin lura shi ne inda suka ja iyaka. Sun fassara wa'azi, sun fassara ƙissa, sun fassara ma'anar Alƙur'ani, amma salla da Larabci suka ci gaba da yin ta. Wannan ya fi ban sha'awa idan aka tuna cewa su Hanafawa ne, kuma a mazhabarsu ce aka taɓa samun sassauci mafi faɗi a kan wannan mas'ala. An ruwaito cewa Imam Abu Hanifa ya halatta karatun salla da Farisanci, almajiransa Abu Yusuf da Muhammad Shaibani suka taƙaita hakan ga wanda ya kasa Larabci, kuma malaman mazhabar na baya sun ce shi ma ya komo ga ra'ayinsu. Malikawa da Shafi'awa da Hambalawa ba su buɗe wannan ƙofa ba tun farko. Da Tatarawan Lituweniya sun so su fake da uzurin gazawa, da sun samu madogara. Ba su yi ba. Yaro yakan zauna gaban malami ya koyi baƙi da wasali har ya sauke, a yi masa bikin da suke kira lahi, kwatankwacin walimar sauka. Lafazinsu ya karkata, ayn da ha sun yi laushi a bakin da ya saba da harshen Slab, amma Fatiha ba ta sauya harshe ba.

A nan ne hikimar tsarin nasu take. Addini yana da ɓangaren da dole a fahimta da ɓangaren da dole a kiyaye yadda ya zo. Alƙur'ani da kansa, a aya ta 4 ta Suratu Ibrahim, ya danganta aiko manzanni da harshen mutanensu da manufar bayani, kuma aya ta 22 ta Suratur Rum ta lissafa sassaɓawar harsuna cikin ayoyin Allah. Babu harshen wata ƙabila da aka ɗora wa tsarki, har da Tatarci. Saboda haka mutuwarsa rashi ne na gado, rashi mai ciwo, amma bai taɓa ginshiƙin imani ba. Da sun nace cewa sai da Tatarci za a yi wa'azi, da masallaci ya koma wurin tsofaffi cikin zuriya biyu. Da kuma sun fassara komai har salla, da babu abin da zai raba ibadarsu da ta majami'ar da ke ƙetaren hanya a kunnen yaro, kuma da igiyar da ta haɗa su da sauran Musulmin duniya ta tsinke. Harafin Larabci ya yi musu aiki biyu a lokaci guda: ya sa littafin ya zama nasu su kaɗai, tunda maƙwabci ba zai iya karantawa ba ko da harshensa ne a ciki, ya kuma sa duk wanda ya koyi karanta kitab ya riga ya iya bin layin Alƙur'ani.

Tambaya ta biyu ta fi wannan nauyi a fiƙihu: shin ya halatta tun farko Musulmi ya zauna dindindin ƙarƙashin sarkin da ba Musulmi ba, har ya ɗauki takobi dominsa? Malamai sun saɓa. Ahmad al-Wansharisi, malamin Malikiyya na Fas, ya yi fatawa a 1491 cewa wajibi ne Musulmin Andalus su yi hijira daga ƙasar da Kirista suka ci. Al-Mawardi na Shafi'awa kuwa yana ganin wanda ya samu ikon bayyana addininsa a irin wannan ƙasa zamansa ya fi tashinsa. Tarihi ya ba kowane ɓangare hujja. Musulmin Andalus da suka zauna su ma sun rubuta Sifaniyanci da haruffan Larabci, amma a ɓoye, bayan an tilasta musu baftisma, kuma daga 1609 aka kore su gaba ɗaya. Na Lituweniya a fili suke salla, da masallatai da maƙabartu da limamai da hukuma ta sani. Bambancin bai zo daga ƙarfin imanin waɗannan a kan waɗancan ba. Ya zo daga alkawarin da ke tsakaninsu da masu mulki, da kuma yadda aka riƙe shi.

Ba kullum aka riƙe shi ba. A 1609 ɗin nan dai wasu gungun mutane suka rushe masallacin Trakai, aka shiga buga ƙasidun ɓatanci a kansu, majalisa ta hana su auren matan Kirista, aka tsananta sharuɗɗan gina masallaci. Da abin ya haɗu da rashin biyan albashin soja, rundunonin Tatar da dama suka sauya sheƙa zuwa Daular Usmaniyya a 1672. Abin da ya biyo baya yana da ban tausayi. Da yawansu ba su sami natsuwa a can ba, domin harshensu da tufafinsu da ɗabi'unsu sun riga sun zama na arewa. Sarki Jan Sobieski na Polan da Lituweniya ya yi musu afuwa, ya tabbatar da haƙƙoƙinsu, ya ba wasu filaye a 1679 a maimakon bashin albashi. A 1683, a ƙofar Vienna, suna cikin rundunarsa da ta fuskanci Usmaniyawa, kuma ana ba da labarin cewa sun soka ƙaran ciyawa a hulunan kwanonsu don kada a rikita su da Tatarawan Kirimiya da ke ɗaya ɓangaren. Musulmi biyu, asali ɗaya, alƙibla ɗaya, kowa yana cika alkawarin sarkinsa. Babu fatawar da za ta sa wannan hoto ya yi daɗin kallo, kuma ba daidai ba ne a yi kamar tsirar al'ummar ta zo kyauta.

Akwai kuma farashi na biyu, na ilimi. Nisa da cibiyoyin karatu ya sa abubuwa da dama sun shiga addinin ƙauye waɗanda malamin Azhar ko na Timbuktu zai ɗaga gira a kansu: duba, lissafin ranaku masu sa'a da marasa sa'a, takardar da ake binnewa da mamaci, kunna fitila da ajiye furanni a kabari irin na maƙwabta. Hajji ya yi wuya ƙwarai, sai ziyarar kaburbura ta ɗauki wani matsayi babba. A Łowczyce, cikin Belarus ta yau, ana ziyartar kabarin wani makiyayi mai suna Kontuś da ake cewa ta hanyar karama yake zuwa Makka. Mai neman aibi zai samu. Sai dai adalci ya bukaci a auna abin da aka ƙara da abin da aka riƙe. Mutanen da rana ke kai musu awa 17 a tsakiyar bazara, shafaƙi kuma ya ƙi ɓacewa har asuba, sun ci gaba da sanin watan azumi. Sun riƙe shahada, kiran salla a kunnen jariri ranar suna, ɗaurin aure gaban liman, Ramazan Bairam da Kurban Bairam, wato ƙaramar salla da babba, da Yasin a kan mamaci. Sadaka ma tana nan da sunanta, sadoga: burodi da alewa da ake rabawa a ƙofar masallaci, wanda ya karɓa ya yi wa mamatan mai bayarwa addu'a.

Maƙabarta, wadda suke kira mizar, ita ce amsa ta biyu ga tambayar abin da ya riƙe su. Ƙauyen yana da tsofaffin maƙabartu fiye da ɗaya. Kabarin Tatar duwatsu biyu gare shi, babba a wajen kai, ƙarami a wajen ƙafa. Mafi tsufa duwatsun daji ne marasa rubutu. Na baya suna da jinjirin wata da tauraro, Bismilla ko shahada da Larabci a sama, sunan mamaci a ƙasa da harshen da ke mulki a lokacin: Rashanci bayan ƙasar ta faɗa hannun Rasha a 1795, Polanci tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu sa'ad da Vilnius ke hannun Polan, Lituweniyanci a yau. Layin ƙasa ya sauya sau uku, na sama bai motsa ba. Wanda ya koma birni, ya auri Kirista, ya shekara talatin bai taka masallaci ba, yakan bar wasiyya a mayar da shi mizar na ƙauyensu.

Jarrabawa mafi tsanani ita ce ta ƙarni na 20. A 1925 an kafa ofishin mufti a Vilnius, Jakub Szynkiewicz ya zama mufti na farko, aka fara tura ɗalibai karatu waje da buga littattafai. Yaƙin Duniya na Biyu da mulkin Tarayyar Sobiyet suka yanke wannan. Aka mayar da masallacin Nemėžis ɗakin ajiya, aka ƙwace na Kaunas, aka rushe tsohon masallacin katako na Lukiškės da ke Vilnius a 1968. Masallacin Raižiai, ginin 1889, shi kaɗai ya rage yana aiki a hukumance a duk ƙasar. Abin da sarakunan Kirista ba su yi ba cikin shekara 500, hukumar da ba ta yarda da kowane addini ba ta kusa yin sa cikin 50, domin ta sari tushen ne kai tsaye: ta hana koyar da yara. Zuriya ta taso ba ta san baƙi da wasali ba, kitab ya koma abin naɗewa a ƙyalle a sa ƙasan akwati. Ana girmama shi, ana sumbatarsa, ba a iya karanta shi. Mutuwar Tatarci ba ta yi wa addininsu irin wannan rauni ba, domin a wancan karon akwai malaman da suka gina gada zuwa sabon harshe, a wannan karon kuwa malaman ne aka rasa.

Wajen lokacin samun 'yancin kai a 1990 an mayar da masallatan. Dokar 1995 ta sa Musulmi Ahlus Sunna cikin addinai tara na gargajiyar ƙasar, aka sake kafa ofishin mufti a 1998, majalisa kuma ta keɓe 2021 a matsayin shekarar tarihi da al'adun Tatarawan Lituweniya. Masallatai huɗu ne ke tsaye: Kaunas, Nemėžis, Raižiai da Tatar Arba'in. Yawan jama'ar kuwa raguwa yake yi. Ƙidayar 2001 ta sami Tatarawa 3,235, ta 2011 ta sami 2,793. A ƙauyen kansa ba su ne mafi rinjaye ba yanzu, kuma Vilnius tana matsowa da sababbin gidajenta. Masu yawon buɗe ido kan zo su ɗauki hoton masallacin, su ɗanɗani šimtalapis, wani kek mai ɓawo-ɓawo da Tatarawa suka yi suna da shi. Matasan da ke koyon addini yau suna koyonsa ne da Lituweniyanci ko Rashanci, daga littattafan bugu da limaman da suka yi karatu a Turkiyya da ƙasashen Larabawa, tsofaffin kundayen kuma sun fi yawa a hannun masana jami'a. Masallacin na 1815 ya fi cika a ranakun idi biyu da ranar jana'iza, sa'ad da dangi ke tahowa daga Vilnius da Kaunas, a yi salla, a raba sadoga, sannan a zagaya baya wurin duwatsu.